Karen da ke Jikin Takobin Liman

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo gidanmu tambayarta ɗaya ce: "Luba, ya Maraɗi? Me kika sayo mana?" Saratu da muka gama sakandare tare har cewa ta yi wai ta ji matan can suna tuƙa babur, da gaske ne? Da gaske ne, Saratu. Amma ni ba yawo na je ba, kuma duk sanda na buɗe baki zan ba da labarin sai in kasa, in bari. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ta karanta da kanta.

Wasunku rabin maganar kuka ji, don haka bari in faro daga tushe. Babana baduku ne a nan Kaura, kun sani. Gabanin babbar Sallah, limamin wani ƙauye da ke bayan Sakajiki, tsoho ne tukuf, ya aiko masa da takobin gadonsu a yi masa sabon kube. Shi ne takobin da yake dogarawa ranar Idi in yana huɗuba. Sun ce kakan kakansa ya yi jihadi da shi, kuma a gidansu ba a zare shi. Babu mai rai da ya taɓa ganin ƙarfen tsirara. Abin da suka gada kawai shi ne akwai rubutu a jikinsa, kuma kowa ya ɗauka aya ce.

Da Baba ya zare shi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. To babu badukun da zai mayar da ƙarfe mai tsatsa cikin sabuwar fata, don tsatsa cin fata take yi. Ba wanda ya sa shi, aikinsa ne haka. Ya samo lemun tsami da toka ya yi ta gogewa har ƙarfen ya yi fari. Sai ga abin da ke ƙarƙashi ya fito: wani ɗan kare yana gudu, da haruffan boko. Ya kira ni in karanta. Na ga ME FECIT, da wata kalma da rabinta ya goge. Na juya ta ta kowace fuska, ba Ingilishi ba ne.

Baba da zuciya ɗaya ya ɗauka ya kai wa Liman ya gani. Liman idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa suka faɗa masa abin da ke jiki. An ce kuka ya yi. Ya ce takobin kakansa ba zai ɗauki kare da rubutun Nasara ba, an cire nasu an sa wani a mariƙin. Magana ta kai gaban alƙali.

Ku tuna wace shekara muke ciki. Da Shari'a ta zo, Baba na cikin waɗanda suka fi kowa murna, ni ma haka. Amma tun da aka ce sata, kalma ɗaya ke yawo a unguwa: hannu. Wani malami maƙwabcinmu ya ce mana kayan da aka ba mutum amana hukuncinsa daban ne, kada mu tayar da hankali. Na ji shi da kunne, zuciyata ba ta ji ba. In na rufe ido hannun Baba na dama nake gani.

Alƙali bai yi gaggawa ba, Allah ya saka masa. Ya ce a nemo masanin takubba duk inda yake. Baba kada ya bar gari, takobin kuma ya tafi da mutum daga kowane ɓangare. Su gidan Liman suka ba da Malam Habibu, ɗan Liman, mai koyar da Arabiyya a firamare. Mu ba mu da namiji babba, sai Gwaggo Tumba, yayar Baba, mai fataucin daddawa da ta san hanyoyi, da ni don in karanta abin da ya kama a karanta.

Shinkafi muka fara nufa ranar kasuwa, don akwai tsofaffin maƙera. An naɗe takobin a tabarma. A tasha aka fara rigima, domin yanzu maza gaba suke zama, mata baya. Wa zai riƙe? Malam Habibu bai yarda a bar mana ba, Gwaggo ba ta yarda a bar masa ba. Direba ya gaji ya zura tabarmar ta tsakanin kujeru, kai yana wajen maza, wutsiya wajen mata. Haka muka tafi, kowa riƙe da gefensa.

"Inna, ki sassauta mana, kina ja mini kafaɗa," in ji Malam Habibu.

"Kai ka sassauta. Kai tsohon ƙarfe kaka riƙo, ni hannun ƙanena nika riƙo."

Ya mayar da fuskarsa gaba, haka muka isa.

Kasuwar Shinkafi kun san cikarta, ba sai na faɗa ba. Muka kutsa ta tsakanin shanu da buhunan gero har rumfar maƙera. Aka nuna mana wani tsoho mai ido ɗaya. Ya karɓi takobin, ya ƙyasta shi da farce ya kai kunne, ya kafa tsininsa a ƙasa ya lanƙwasa, ya saki, ƙarfen ya miƙe tsaf.

"Wanga ƙarfe ba namu ba na," ya ce. "Na Turawa na."

Na zauna a kan buhun gawayi ban sani ba. Malam Habibu ya juyo a hankali ya ce, "Kin dai ji, Inna."

"Tsaya, ɗan malam," in ji tsohon. "Na ce na Turawa na, ban ce sabo na ba. Ni ƙira na sani, ban san shekaru ba. In kuna son wanda zai gaya muku, ku tai Maraɗi ku nemi Alhaji Agali, Buzu mai sayen kayan da. Shi ad da irinsu cike da ɗaki."

Gwaggo ta sayi fura ta dama mana a nan gefen rumfa. Na kai ludayi baki na mayar da shi cikin ƙwarya. Ta dube ni ta ce, "Sha, ɗiyar nan. In kin faɗi, ni ba ni iya ɗaukar ki da tabarma duka."

Daga Shinkafi sai da muka koma baya har kusa da gida kafin mu kama hanyar Zurmi. Na hango rufin kwanon Kaura daga nesa, na yi ta kallo har wuyana ya ƙage. Gwaggo ta ce ba za mu shiga ba, ba mu da abin da za mu faɗa wa Baba sai abin da zai ƙara masa ciwo.

A Zurmi muka sauka gidan wata ƙawar Gwaggo. Mai gidan dattijo ne manomi, ya ji bayani ya ce takobin ya kwana ƙarƙashin gadonsa, kowa ya huta. Aka yi mana tuwon dawa miyar kuka, da man shanu yana yawo a kai. Rabona da cin abinci sosai tun ranar da aka kai Baba kotu. Da safe aka ba ni koko in miƙa zaure. Ina daga bakin ƙofa na ji Malam Habibu yana gaya wa mai gida cewa mahaifinsa ya daina cin abinci, sai ruwa, kullum yana cewa amanar kakanni a hannunsa ta salwanta, da wane ido zai dube su. Na ajiye kwanon a hankali na koma. Har lokacin ban taɓa tunanin cewa a gidansu ma akwai wanda ba ya barci ba.

Hanyar Zurmi zuwa Jibiya daji ce da ramuka. Motar ta cika, har da akuya a but tana kuka duk ramin da muka faɗa. Can tsakiyar daji taya ta fashe, fau! Ni na ɗauka bindiga ce. Na ƙwala ihu na dafe kai, mutane suka yi ta dariya. Jikina kuwa ya ƙi daina ɓari. Wata Bafillata da ke kusa da ni ba ta yi dariya ba. Ta kwance goyonta ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ungo, riƙe mini shi." Jaririn ya kama yatsana ya kai baki. Kafin a gama canza taya na dawo hayyacina. Malam Habibu ya taka har wata ruga ya samo mana ruwa a buta, ya miƙa wa Gwaggo ba tare da ya dube ta ba. Ta sha, ta ce, "To, ashe ana samun mutane gidan Liman." Ya yi kamar bai ji ba.

Yanzu iyaka. Ɓangarenmu aka leƙa motar aka ce mu wuce. Ɓangaren Nijar ne wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo baƙi, ya ga tabarma ana riƙe da ita gaba da baya ya ce a sauko a warware. Da takobin ya bayyana fasinjoji suka ja da baya. Ni kuwa na riga na gama ganinmu a ɗaure. Ban san sanda na fara yi masa bayani da Ingilishi ba, ina kuka, ina cewa ba mu da laifi.

Ya tsaya yana kallona har na ƙare, sannan ya ce, "Ke ɗiya, yi Hausa, nan ba lakwal ba ce." Makaranta suke kira haka. Ya juya ga Malam Habibu. "Mi ya sa kunka naɗe shi awa gawa?"

Malam Habibu ya ce gudun fitina.

Jandarma ya nuna gindin wata bishiya. Wani Buzu ne zaune yana dafa shayi, takobinsa rataye a kafaɗa, ba wanda ya ko kalle shi. "Nan rataya shi akai, kowa shi gani. Wanda ya ɓoye, shi muka tsoro. Rataya abinka."

Babu hamila, wato igiyar ratayawa, tsohon kuben ma duk ya tsage. Gwaggo ta ciro wani tsohon gyalenta mai furanni aka ɗaura. Haka malamin Arabiyya ya shiga ƙasar Nijar da takobi rataye da gyalen mace, Gwaggo na biye da shi riƙe da bakin gyalen kamar mai jan rago. Ranar na fara dariya, dariyar da ta ƙare da hawaye.

Maraɗi Hausawa ne kamar mu, amma sai ka riƙa jin kamar ka shiga gidan ɗan uwa da aka sauya wa kaya wuri. Mota mato ce. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Kiɗa na tashi daga shaguna da rana tsaka, abin da muka kwana biyu ba mu ji ba a gida. Mata na wucewa a kan ƙananan babura, jaka a kafaɗa, ba mai waiwayarsu. A tasi kuwa ba gaba ba baya, aka cusa ni kusa da wani mutum, na manne da ƙofa har hannuna ya mutu.

Direban ya ji harshenmu ya ce daga ina? Da aka ce Zamfara sai ya janye hannunsa cikin riga yana tuƙi da ɗaya, yana dariya. "Wayyo, kada ku kai ni! Da gaske ana yankewa?"

Na toshe baki da mayafi. Malam Habibu ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Malam direba, fito da hannunka ka yi tuƙi. Ba abin wasa ba ne." Direban ya waiwayo ya ga fuskata, ya ba da haƙuri.

Gidan Alhaji Agali babba ne. Abin da ya fara ba ni mamaki, shi namiji ya naɗe fuskarsa da rawani sai ido, matarsa kuwa fuska a buɗe, tana zaune a tsakar gida tare da baƙi maza, ana hira tana katse shi tana gyara masa magana, shi kuma yana cewa "haka ne". Gwaggo ta raɗa mini, "Nan an juya tabarma." Alhajin mutum ne mai son a san ya sani. Kafin mu zauna ya riga ya gaya mana Turawa nawa ke zuwa takanas don su gaishe shi. Amma ya ƙi duban takobin. Ya ce ba a duban ƙarfe da hasken yamma, sai da safe. Aka yi ta zuba shayi a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci kamar magani, in ka shanye a ƙaro. Hajiyar ta kai mu ɗakinta, ta dama mana fura da cuku da dabino a ciki. Ban taɓa shan irinta ba. Ta lura ba na magana, ta tambayi Gwaggo, Gwaggo ta gaya mata. Sai ta jawo kaina ta warware kitson da ya tsufa ta sake mini sabo.

Da hantsi ya buɗe mana wani ɗaki. Takubba ne jingine da bango, wasu rataye, ƙamshin tsohuwar fata ya cika wurin. Ya sa aka fito da wasu aka shimfiɗa a kan darduma a rana.

Ya fara ɗauko wani da ban taɓa ganin irinsa ba. Dogo, siriri kamar basilla, a mariƙinsa akwai wani ƙarfe kamar ƙoƙo da ke rufe hannu. "Wannan na Turawa ne tun daga kai har ƙafa," ya ce. "Ba na sara ba ne, na suka ne. Wani Bature ya bar mini shi muka yi musaya. In kun ga mai ƙoƙo haka, yawanci aikin mutanen Sifaniya ne." Ya ɗauko wani mai siraran sanduna da suka lanƙwashe suka kewaye hannu kamar saƙar kwando. "Irin wannan kuma an fi jingina shi ga Italiya ko Jamus. To amma ku lura, mariƙi yana gaya maka inda aka ɗaura shi ne kawai. Mai ƙera ruwan takobi daban, mai yin mariƙi daban, wani lokaci ƙasarsu ma ba ɗaya ba. In kana son sanin ƙarfen, tambari za ka nema. Ɗiyata, matso, idonki ya fi nasu. Me kika gani a nan?"

Ya miƙo mini mai ƙoƙon. Na duba kusa da mariƙi.

"Kare ne," na ce. "Irin namu."

"Ba kare ba ne, kyarkeci ne."

"Kyarkeci ai karen daji ne," in ji Malam Habibu.

"To malam, ka ci wannan," Alhaji ya yi dariya. Ya jawo takubba irin namu na gida, masu faɗi, masu mariƙin fata. Wannan da kyarkeci. Wancan da jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Ya ce maƙeran wani gari ne a Jamus ke buga wannan dabba, suna sayar da ƙarfen tsirara, dami-dami. Wasu su tsaya can a sa musu ƙoƙo, wasu su hau raƙumi su keto Sahara, maƙeranmu su sa musu mariƙi irin namu. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan da ƙafarsa ƙarfensa ya riga shi zuwa. Rubutun kuwa wani tsohon harshen Turawa ne, ƙarfen ne ke cewa wane ya ƙera ni, ko a gari kaza aka ƙera ni.

Ya ce amma ana kwaikwayo. Maƙeranmu na nan su ma suna sassaƙa dabbar don kaya ya yi daraja, shi kansa an sha cutarsa. Hajiya ta ce, "Faɗa musu na bara, wanda ya fito kamar akuya." Ya ce ba labarin wancan ake tambaya ba. Ya ɗauki namu ya karkata shi a rana, ya nuna mana cewa tsohon tambari 'yan zane ne kaɗan, kuma a cikin zanen akwai sauran jan ƙarfe da aka cusa. Na duba, ga shi nan, ɗan ja-ja a ƙafar baya.

"Wannan ya girmi kakan kowa a nan," ya ce.

Gwaggo ta fara hamdala. Malam Habibu ya ɗaga hannu. "Alhaji, ba tsufansa na zo tambaya ba. Namu ne? Ai ana iya cire tsoho a sa tsoho."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Gaskiyarka." Ni kuwa na ji kamar an sake tura ni rijiyar da na fara fitowa.

Ya juya takobin ya duba can ƙarshen mariƙi, inda wutsiyar ƙarfen ke fitowa a dake ta ta baje. Ya ce duk mai son raba ƙarfe da mariƙi sai ya goge wannan wuri da magagari, kuma nan ba a taɓa shi ba, ya lashe ya yi sumul da gumin hannu. Sannan ya karɓi tsinke ya zura ƙarƙashin ƙarfen da ya gitta, inda gugar Baba ba ta kai ba. Wani baƙin abu ne daskare a wurin kamar ƙaro, ya haɗe ƙarfen da mariƙin, babu tsaga ko ɗaya. Ya ɓanɓaro ɗan kaɗan ya ɗora a kan garwashin shayi. Hayaƙi ya tashi.

"Man kaɗe," in ji Hajiya, tun kafin kowa ya yi magana.

Malam Habibu ya zauna a ƙasa, ba a kan darduma ba. Sannan ya ce duk jajibirin Sallah kakarsa takan narka man kaɗe ta ɗura ta bakin kuben, tun da ba a zarewa. Da ta rasu mahaifiyarsa ta ci gaba. Shi da kansa yana yaro ya sha riƙe mata kuben a tsaye.

Alhaji ya ce in za su sayar yana so. Malam Habibu ya girgiza kai kawai. Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Alhaji, don Allah ka biyo mu ka faɗi wanga bayani gaban alƙali."

"Ni? A'a, baiwar Allah. Ban san kowa can ba, ba wanda ya san ni. Za a ce kun yi hayar Buzu. Ai ga shaidarku nan zaune." Ya nuna Malam Habibu.

Sai a lokacin na gane inda muka tsaya. Duk abin da muka gani, mu uku muka gani. Ni 'yar wanda ake tuhuma ce, Gwaggo yayarsa. Maganar da za ta yi nauyi ta mutum ɗaya ce, kuma ɗan mai ƙara ne.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Bayan iyaka aka mayar da takobin cikin tabarma, Gwaggo ba ta ƙara riƙe gefenta ba. A tashar Zurmi muna jiran mota ta cika, na ga Malam Habibu zaune shi kaɗai a kan benci. Ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Na je na durƙusa daga nesa.

"Malam, me za ka ce?"

Bai ɗago ba. "Kin san abin da kike so in gaya wa tsoho? In ce masa abin da ya riƙe gaban jama'a tun kafin a haife ni, yana huɗuba da shi, Nasara suka ƙera, da kare a jiki. Babu aya, ba a taɓa yin ta ba. Wallahi a ce an sace ya fi masa sauƙi."

"Babana fa?"

Ya sa hannu ya gyara ɗaurin tabarmar. Yaron mota ya fara kiran Kaura, Kaura. Muka tashi.

Ranar zaman kotu na tsaya a waje ta taga tare da mata. Ina hango Baba a gaba, ya rame, ya haɗa hannuwansa a cinya. Aka shigo da Liman ana riƙe da shi. Alƙali ya ce wa zai fara. Ni dai addu'ar da nake yi ta ɓace mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Malam Habibu ya miƙe. Ya faɗi komai, tun daga Shinkafi. Bai rage ba, bai ƙara ba. Da ya zo kan cewa ƙirar Turawa ce, wani yayansa ya yi tsaki ya ce an saye shi. Alƙali ya tsawatar. Da ya zo kan man kaɗe, ba alƙali ya kalla ba, mahaifinsa ya kalla.

Liman ya ce a ba shi takobin. Aka ɗora masa a cinya. Ya lalubi mariƙin, ya ɗaga ya kai hanci daidai inda aka ɓanɓara. Ya daɗe a haka, har mutane suka fara motsi.

"Innata," ya ce. Hawaye na bin gemunsa. "Allah shi gafarta mini, na zalunci bawan Allah. Na janye. Ina Baduku?"

Aka matso da Baba. Liman ya lalubo hannunsa na dama ya riƙe da hannu biyu, ya ce ya yafe masa. Baba ya ce ba komai, ya yafe. Wani daga cikin 'ya'yan ya ce to karen fa, yaya za a yi da shi ranar Idi? Liman ya ce wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa, zai yi tunani. Ya tura takobin wajen Baba. "Ƙarasa kuben. Kada a bar shi tsirara."

Har yau ban san ko zai riƙe shi ranar Idi ba, kuma ban tambaya ba.

Da muka koma gida mutane suka cika zaure ana barka. Baba ya amsa wa kowa. Da suka watse, bayan la'asar, ya shimfiɗa fatarsa ya jawo kayan aiki, ya ce Sallah ta matso, gara a fara. Ina zaune ina kallo. Ya ɗauki basilla da zare. Mutumin da tun ina ƙarama yake zura zare yana hira ba ya ko dubawa. Ya kai, hannun ya kauce. Ya lashi bakin zaren ya sake kaiwa, hannun na rawa kamar ba nasa ba. Ya gwada har ya gaji, sannan ya ajiye hannun a gwiwa yana kallonsa.

"Luba," ya ce, a hankali don kada a ji daga ciki. "Zo ki zura mini."

Nawa ma rawa yake yi. Da ƙyar na samu ya shiga.